Farin Wake Ɗaya

A ƙungiyar girki ta masunta da ke bakin tashar jiragen ruwa, maza kaɗai ke da kujera. Su dafa, su ci, sannan tsoho Koldo ya tada musu waƙar nan tasu mai cewa tebur ɗaya ne, babu babba babu ƙarami, duk wanda ya zauna ɗan'uwa ne. A kanta 'yan sanda suka taɓa fasa masa baki yana saurayi.

Ran Lahadi Nekane, 'yar amininsa marigayi, ta zo neman kujerar ubanta. Kowa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama. Aka zagaya da tukunyar ƙasa don jefa ƙuri'a yadda aka saba: farin wake an yarda, baƙi an ƙi. Koldo ya jefa farinsa.

Aka juye a kan tebur. Baƙi ƙirin, sai fari ƙwaya ɗaya tal.

Koldo ya bi su da kallo. Mutanen da suka ɗauki gawar ubanta a kafaɗa, ga su nan kowa ya duƙufa yana goge cokali, ko kunya babu.

Nekane ta daure ta yi murmushi. "To, wane ne mai farin, in gode masa?"

"Ni mana," in ji mijinta Imanol, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya dafa kafaɗarta. "Da wa kike tsammani?"

Koldo ya saki baki. Tun da yake bai taɓa jin ƙarya ta fito da sauƙi haka ba. In ya yi magana ya rusa wa yarinyar aure, in ya yi shiru ta tafi tana gode wa wanda ya rufe mata ƙofa.

"Kawu Koldo, tada mana waƙa a wuce wurin," in ji Peio, shugaban ƙungiyar.

"Wace waƙa? Mai cewa duk ɗaya muke?"

"Haba Kawu, kai ma dai! Waƙa ce fa kawai."

Suka fara buga tebur, Imanol ya fi kowa bugawa. Koldo ya buɗe baki, maimakon waƙa sai hawaye. Nekane ta tsura masa ido, ta juya ta dubi mijinta. Sannu a hankali ta zare hannunsa daga kafaɗarta.