Layin da Injiniya Ya Ƙi Sawa

"Ba nan ba, Tela. Can sama, sama da komai."

Tela ya ja kibiyar zuwa saman allon kwamfutar, gumi na bin wuyansa. Shi da keken ɗinki ya saba, amma tun da ɓarin jikin maƙwabcinsa Injiniya ya shanye, shi ya zama hannunsa. Ɗakin yana hawa na uku, tagarsa ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Rabon Injiniya da matakala tun ranar da aka hawo da shi a kan kujera.

Shekara da shekaru yana gina shafi guda a intanet: hotunan marigayiya matarsa, kowanne da labarinsa a ƙasa. A tsohuwar kwamfutarsa komai zaune yake daram. Amma 'yarsa tilo, wadda takardun aiki suka ɗaure a wata ƙasa, in ta fito ba komawa, ta ce a wayarta rubutu ya hau fuskar uwarta, ba ta gane komai.

Injiniya ya san dalili sarai. Akwai layi ɗaya da ake sawa a saman shafi, doktayif, mai gaya wa kowace burauza, wato manhajar buɗe shafi, ƙa'idar da za ta bi. Shi ko don taurin kai bai taɓa sa shi ba. Ya auna komai daidai da halin tsohuwar burauzarsa, kamar rigar da aka yanka wa mutum ɗaya. In ya sa layin ya sake awo, na kowa zai daidaita, nasa ya wargaje. Kwamfutar ba ta ɗaukar sabuwar burauza, idonsa kuma ba ya ganin allon waya.

"To ka bar shi mana," in ji Tela. "Kai da ba ka da abin kallo sai wannan kwamfutar."

"Ni na san fuskar matata. Yarinyar nan tana goye uwar ta rasu. Rubuta layin."

Tela ya rubuta, harafi bayan harafi, Injiniya na yi masa tsiya wai ko kaza ta fi shi saurin tsattsaga. Sai la'asar suka gama awon. Da aka sake buɗe shafin a tsohuwar kwamfutar, hotunan suka zame gefe, rabin fuskar matar ya shige bayan rubutu. Tausayi ya kama Tela, ya kai hannu zai kashe, Injiniya ya hana shi. Haka ya kwanta yana kallon rabin da ya rage.

Bai kai ƙarshen mako ba. Da safe Tela ya hawo da shayi ya tarar rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, yana naɗe zannuwan gado, 'yar ta kira.

"Kawu, shafin ya buɗe daidai. Ga Mama nan sosai. Ashe tana da wushirya."

Ta fara karanta abin da ubanta ya rubuta a ƙasan hoton. Tela ya ƙara sautin wayar, ya ajiye ta a kan matashin Injiniya.