Babban Kifi na Mai Ciki Ne

Kifin ya kai tsawon hannun ƙato, yana ta bugun katakon jirgi da wutsiya. Tsoho Dokchil ya take kansa da ƙafa yana dariya.

"Wannan na surukata ne. Duk wanda ya taɓa, a bakin hannunsa."

"To na gwajin fa, Kawu?" in ji Manbok, shugaban ƙungiyar masunta, daga bakin gaɓa. "Gobe fa matar nan za ta zo."

"Ga su can a bokiti, 'yan mitsi-mitsi. Kai da ka yi boko, kullum sai na koya maka aikinka?"

Dabarar tasa ce. Shekara uku ke nan da hukuma ta fara turo mai gwaji ƙauyen Norumok, wai ana neman zaiba, wani ƙarfe mai guba, a naman kifi. Dokchil bai iya karanta takarda ba, amma ya iya karanta fuska. Ya lura in an ba ta babban kifi sai ta haɗe rai, in an ba ta ƙarami sai ta buga hatimi ta kama hanya. Tun daga nan ƙananan ake tara mata. Ba a taɓa rufe kasuwa ba, kowa yana cewa kan tsohon nan ya fi injin gwamnati. Shi ko a ransa bai ɗauke ta cuta ba. Ai manyan kifi ubansa ya ci har ya kai casa'in da haƙoransa. Injin ne kawai mai tsirfa.

* * *

Sunhwa matar ɗansa cikinta wata bakwai, mijin yana can yana aiki a jirgin dakon kaya. Tun ran da ciki ya bayyana, kifi mafi girma nata ne, a dafa shi da ganyen teku, yadda aka yi wa kowace mai ciki a gidan. Shi da kansa yake tsinko tsokar wuya ya ɗora mata a kan shinkafa.

"Baba, kullum kifi? Yaron nan da wutsiya zai fito."

"Ya fito da ita mana, mu huta da sayen jirgi. Ci, 'yar nan."

Ta yi murmushi, amma ba ta taɓa kwanon ba. Sai ta zaro wata takarda daga aljihu.

"Wancan watan a asibiti sun yanki gashina kaɗan. Yau sakamako ya fito."

"Gashi kuma? Wanzanci suka koma?"

"Wai abin da mutum ya ci gashi ke riƙewa. Sun ce zaiba ta yi yawa ƙwarai a jikina, kuma ta cibiya take bi ta isa ƙwaƙwalwar yaro. Likita ta tambaye ni inda nake samun kifi." Ta ɗago ta dube shi da cikakkiyar yarda. "Na ce mata ai namu mai hatimi ne. Ko ba haka ba, Baba?"

Dokchil ya ajiye tsinkaye biyun da yake cin abinci da su, ya miƙe.

Ya fita ya tsuguna a bakin ruwa, ya tsoma hannu. Ɗumi, kamar ruwan wankan jariri. A da, a irin wannan watan, sanyin ruwan har cizon yatsu yake yi. Ya tuna baƙin kifayen kudu da suka cika musu komar kamun kifi. Ya tuna guguwa uku da aka yi bara, kowace ta dama baƙar lakar mashigar kogi, inda tsohuwar masana'anta ta yi shekaru tana zubar da dattinta kafin a rufe ta. Tsutsa ta ci laka, ƙarami ya ci tsutsa, babba ya yi shekaru yana haɗiye ƙananan yana tarawa. Duk ya sani, haɗa su ne bai taɓa yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tekun da ubansa ya ci daban, wannan daban.

* * *

Da safe mai gwaji ta shimfiɗa kayanta a rumfar ƙungiya. Manbok na miƙa bokiti, sai ga Dokchil da wani ƙaton kifi a kafaɗa. Ya dangwara shi a kan tebur, har hatimin ya yi tsalle.

"Kawu, ka haukace? Kasuwa za a rufe mana!"

"A rufe. Ni na ɗaure, ni zan kwance."

"Mu ci me?"

"Me muke ci yanzu, Manbok? Taka matar ba goyo take ba?" Ya juya. "Malama, wannan za ki gwada. Ki kuma rubuta da manyan baƙaƙe, yadda ko ni zan gani."

A hanyar gida babu wanda ya gaishe shi. Masu gyaran koma duk suka sunkuyar da kai. Bai damu ba, ya ga abin da ya fi wannan a tsakiyar teku.

Sunhwa ta kawo shinkafa da miyar ganye zalla, ta zauna da ƙyar, ta dafa cikinta.

"Baba, ya motsa."

Ya gyaɗa kai. Wata bakwai ba kifi ba ne, balle a ce an mayar da shi ruwa. Hannunsa ya ɗauki tsinkayen cin abinci kamar kullum, ya nufi kwanonta, ya tsaya a sama. Babu komai a tsakanin tsinkayen.