Tsirkiyar da Riekje Ta Gani

Da safiyar Juma'ar Ista, makaɗa da mawaƙa na gwajin ƙarshe a tsohuwar cocin garin, idon Riekje Boersma ya sauka a kan gogen ɗalibarta Noortje. Siririyar tsirkiyar sama ta fara tsagewa can wajen maɗaurinta, inda idon mai kiɗa ba ya kaiwa. Riekje ta tsufa a sana'ar, ta san tsirkiyar hanjin tunkiya ba ta shiri da sanyi da laima. Ga shi Sjoerd mai ɗaukar sauti ya sa an kashe na'urar ɗumama coci, wai makirfonsa na kwaso gurnaninta. Ta tabbata wannan tsirkiya ba za ta kai yamma ba.

Ta yi niyyar gaya wa Noortje, sai ta fasa.

Tun Noortje ba ta iya ɗaure takalmi ba Riekje ke zaune a kujerar farko ta masu goge. Duk shekara ita ke tashi tsaye a gaɓar nan ta kiɗan da mawaƙa ke yin shiru, a bar murya guda da goge guda suna kukan nadama, yadda aka rubuta shi shekaru ɗari uku da suka wuce. Sai bana, da aka ce za a ɗauki wasan kai tsaye a buga faifai, madugun makaɗa Haverkamp ya tuna cewa a duniya akwai matasa. Ya ba Noortje kujerar, ya zaunar da Riekje a gefenta tana juya mata takardar kiɗa. Noortje fa, wadda ita ta koya wa riƙon goge!

"Malama, kin yi shiru," in ji Noortje, tana miƙa mata burodin zabibi. "Ko na yi sauri a wurin nan?"

"Sauri? A'a, 'yata. Ke da madugu ya zaɓa, ina ni ina gyara miki?"

"Haba Malama, gabana fa sai faɗuwa yake."

"Ci burodinki. Faɗuwar gaba ba ta taɓa kashe makaɗi ba."

Hassada ce tsagwaronta, kuma Riekje ta san sunanta, ba ta yaudari kanta ba. Lissafinta mai sauƙi ne: in tsirkiya ta tsinke, wa zai tashi ya ceci wasan in ba ita ba? Kiɗan nan ko daga barci aka tashe ta za ta yi shi. Sautinta ne zai shiga faifai.

Da azahar coci ta cika maƙil. Mutane sun zo da matasan zama saboda taurin benci, tsofaffi na miƙa wa juna minti a ɓoye. Aka yi ta tafiya, mawaƙa na ɗagawa suna saukewa, tsirkiya ta ƙi tsinkewa. Riekje har ta fara jin haushinta. Lokaci ya yi, Noortje ta miƙe, mai waƙa ta miƙe. Layin farko ya fita lafiya. Ana shiga na biyu sai ji kake tas, tsirkiya ta yi tsalle ta nannaɗe.

Noortje ba ta ko juyo ba. Hannu kawai ta miƙo gefe.

A nan ne Riekje ta tuna abin da kowane ɗan koyo ya sani. In tsirkiyar mai kujerar farko ta tsinke ana cikin wasa, ba tashi na gefensa yake yi ba, gogensa yake miƙawa ya karɓi mai rauni. Ita da kanta ta koya wa Noortje haka. Amma tsawon rayuwarta a kujerar karɓa take zaune, bai taɓa faɗo mata ba cewa wata rana ita ce mai bayarwa. Haverkamp ya zuba mata ido ta saman tabarau, hannunta ya miƙa gogenta kafin zuciyarta ta yarda.

Ta zauna da gogen yarinyar a cinya, tana sauraren nata a kafaɗar wata. Tsohon gogen da ta san halinsa kamar na miji, wanda take cewa ƙasan muryarsa a toshe yake tun asali, shi ne ya buɗe baki ya cika cocin nan har rufi. Wata tsohuwa a layin gaba ta tsaya da minti a hannu, hawaye na bin kuncinta. Riekje ta ji daɗin sautin duk da ba ta so ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

A irin wannan rana ba a yin tafi. Aka gama, jama'a suka fita shiru. Sjoerd ya fito daga ɗakinsa yana murza hannu.

"Ba zan goge komai ba! Har ƙarar tsinkewar zan bari a faifan."

Noortje ta zo rungume da gogen, idonta jawur.

"Malama, kin cece ni. Amma don Allah, me ya sa ba ki taɓa gaya min yana da irin wannan murya ba?"

Riekje ta karɓa. Katakon da sauran ɗumin haɓar yarinyar.

"Ni ma yau na fara jin ta," in ji ta.