Ƙarfe Shida a Gidan Torquil

"Kada ki haɗiye tukuna," in ji Torquil. "Bar shi ya zauna a harshe."

Ai kuwa Ishbel ta riga ta haɗiye giyar. Wuta ta bi mata maƙogwaro har ƙirji, ta kama tari, idanunta suka kawo ruwa. Tsohon yana kishingiɗe a kujerarsa ta gefen murhu da bargo a gwiwa, yana dariya har shi ma tari ya sarƙe shi.

"To, me kika ji?"

"Toka," ta ce. "Kamar an wanke murhu da ruwan teku an ba ni. Wannan abin ka shekara arba'in kana yi wa ganguna?"

"Arba'in da uku, yi mini adalci."

Katangar duwatsu guda ce ta raba gidajensu a tsibirin Islay, amma Ishbel ba ta taɓa zama a falonsa ba sai wannan makon. Mijinta Hector dattijon coci ne, kwalbar giya ba ta taɓa tsallake ƙofar gidansa ba. Tun da ya rasu, shekara biyu ke nan, daga kanti sai coci take zuwa, in an gaishe ta ta amsa a taƙaice ta wuce. Shi kuwa Torquil Gillies gangunan katako na ajiyar giya yake haɗawa a masana'antar wuski har ya yi ritaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsu guda, Catriona, tana koyarwa a Kanada.

Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ko dai a kai shi asibiti a Glasgow, ko a sami mai leƙa shi kowace yamma ya ba shi magani bayan nas ta tashi. Torquil ya ce sai dai a fitar da shi a akwati. Nas ɗin ta ƙwanƙwasa ƙofar Ishbel.

"Ni ban iya jinya ba," in ji Ishbel.

"Ƙwaya biyu ce da ruwa. In kin ƙi, jibi za a ɗauke shi."

Shi ke nan ta fara zuwa. Maganin ya kashe wa tsohon baki, komai ya ci sai ya ce kamar kwali. Duk da haka ƙarfe shida na bugawa sai ya sa ta zuba masa wuski ɗan kaɗan, ya riƙe kofin, ya kalle shi, ya ajiye. Ran nan ne ya ce ta taimaka ta ɗanɗana ta faɗa masa, don wannan kwalbar daga gangar da ya haɗa da hannunsa ta fito.

Washegari ta rantse ba za ta ƙara ba. Ya ce ta ɗiga ruwa da ƙaramin cokali, ta shinshina kawai. Ta kai hanci tana yamutsa fuska.

"Igiya," ta ce. "Igiyar kwalekwalen babana, wadda yake shafa wa kwalta."

"Yauwa! Ci gaba."

Ta kurɓa kaɗan, ta bar shi a baki. Bayan hayaƙin sai ga wani zaƙi can ƙasa, irin na gasasshiyar tuffa. Ta faɗa masa. Daga nan ta tsinci kanta tana ba shi labarin yadda babanta yake dawowa da ƙaguwa a bokiti, da ranar da ta faɗa ruwa da takalman coci. Rabon da ta yi magana mai tsawon haka har ta manta.

Mako uku bai cika ba ta fara bambanta kwalabensa ba tare da ta duba ba. Wata tana da gishiri, wata zuma, wata kuma ta ce warin asibiti take yi, ya ce ita ce sarauniyarsu, Ishbel ce dai ba ta da hanci. Tun ƙarfe biyar take fara duban agogo.

Labari bai ɓuya ba. A kanti, Senga mai sayar da burodi ta dube ta ta saman tabarau.

"Ishbel, an ce jinya ta karɓe ki. Har kumatunki sun yi ja."

"Iskar teku ce."

"Wannan iskar a kwalba ake sayar da ita."

Ishbel ta ji dariya ta kuɓuce mata a gaban mutane, har masu layi suka waiwayo.

Da watan Satumba ya kama, aka sauko da gadonsa falo don ba ya iya hawa bene. Ishbel ta kira Catriona ta ce, "In za ki zo, yanzu ne." Catriona ta iso Glasgow, amma guguwa ta hana jirgin ruwa tasowa kwana biyu. Torquil yana ta tambaya ko an ji ƙararsa. A yamma ta biyu numfashinsa ya yi ƙasa sosai, Ishbel ta tsorata. Ta jiƙa yatsa a kofin wuski ta shafa masa a leɓe. Ya buɗe ido.

"Ba za ka tafi ba sai ta zo, ka ji ni ko, tsoho?"

"Ke dai akwai ba da umarni." Ya huta kaɗan. "Bari in faɗa miki wani abu. Ranar da aka yi miki tiyata, Hector ya shigo nan. A kujerar nan da kike ya zauna, ya ce in zuba masa."

"Hector? Ƙarya kake yi."

"Guda ya sha. Ya ce kamar man fitila. Sannan ya yi kuka, ya ce in kin mutu bai san inda kike ajiye komai ba."

Ishbel ta rufe baki da hannu. Dariya take ko kuka, ita kanta ba ta sani ba. Ta daɗe tana riƙe da hannunsa.

Da safe iska ta lafa, jirgi ya shigo. Catriona ta faɗo falon da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa ta kifa kanta a ƙirjinsa. "Baba, ga ni." Ya shafa gashinta ya ce ta rame, ba a cin abinci a Kanada ne? Kwana biyu suka samu tare. A na uku, da rana tsaka, yana sauraron Catriona tana karanta masa sakamakon wasan ƙwallo daga jarida, ya yi barci bai farka ba.

Tsofaffin abokan aikinsa ne suka ɗauki akwatin. Bayan an rufe kabari aka zagaya da wuski da cuku da biskit a bakin maƙabarta. Mai rabon ya zo kan Ishbel ya wuce, don kowa ya san matar Hector ba ta sha. Ta kamo hannun rigarsa.

"Lachie, ni ba mutum ba ce?"

Ya zuba mata yana ƙifta ido. Ta shinshina, ta kurɓa, ta ce wa Catriona a hankali, "Da babanki ya ce wannan yaro ne, an yi saurin fitar da shi daga ganga."

Catriona ta yi murmushi da jajayen idanu, ta saƙala hannu a nata. Suka ƙi shiga mota, suka bi hanyar bakin teku a ƙafa. Ruwa ya janye nesa, shanun wani manomi sun sauko sun kwanta a kan yashi suna tuƙa, tururi na tashi daga bayansu. Matan biyu suka tsaya a jikin shinge suna kallonsu.