An Riga An Shafa Fatiha

Shekarar da talabijin ya shigo Jidda, Hausawan unguwannin Kurayyat da Sa'alaba suka waiwaya suka ga makarantun 'ya'yansu sun zama uku, kowace tana tafiya yadda malaminta ya ga dama. Wannan ya tashi yara tun la'asar, wancan ya riƙe su har magariba. Iyaye suka ce a naɗa mutum ɗaya ya riƙa zagaya su duka, mushrif, in ji Larabawa. Aka ɗora aikin a wuyan lajna, wato kwamitin dattawan unguwa, bisa sharaɗi guda: zaɓen a fili za a yi shi, a mirkaz ɗin ƙofar masallaci, kan dogayen kujerun igiyar nan da ake shan shayi, kowane uba yana ji yana gani.

Bawa kafinta shi ne ƙarami a lajnar. Mutum ne mai kunya, irin kunyar nan da ake yabo a baki amma a cuci mai ita a aikace. Masu neman aikin su biyu ne. Akwai Othman, ɗan ƙanwar Shehu Abdulghani shugaban lajna, wanda ya dawo daga karatu a Makka, kuma ba a raina iliminsa. Akwai Malam Idris, Bahaushen Sudan, maƙwabcin Bawa katanga ɗaya, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar Sa'alaba. Kafilin Idris, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya rasu, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Duk wanda aka zaɓa, shugaban lajna ne zai tsaya masa kafili. In Idris bai samu mai tsaya masa ba, jirgin Port Sudan ne, shi da matarsa Zaituna da 'ya'yan da ba su san wata ƙasa ba sai Jidda.

Ran Juma'a, mako guda kafin taron, Abdulghani ya kira 'yan lajna cin abinci a gidansa. Salig aka yi, shinkafar madara da ɗan rago a kwance a kai. Aka ci har aka saki ɗamara. Ana wanke hannu, maigidan ya yi gyaran murya ya ce ai batun mushrif ba sai an wahalar da jama'a da gardama ba, Othman ɗan gida ne, takardunsa a tsaye suke, taron mirkaz kuma a yi shi don kwantar da hankalin iyaye. Maganar kada ta bar ɗakin nan. Bai ko numfasa ba ya ce, "Alfatiha."

Wa ke jin an ce Fatiha ya bar hannunsa a cinya? Hannayen Bawa suka tashi da kansu, kamar yadda suka saba tun yana goye. Yana da magana a baki, ta Idris, amma kafin ya jera ta ya ji tafinsa a fuskarsa, yana ƙanshin sabulu da man rago. A wurin mutanen nan kuwa abin da aka shafa wa Fatiha ya ƙullu, aure ne ko ciniki, warware shi sai marar tsoron Allah. Bawa ya fito ciki a cike, zuciya a dagule. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ran Talata Idris ya leƙo shagon Bawa, ya zauna kan katako ya jira har Bawa ya ajiye zarto. Ya ce wani ɗan kasuwa a Yanbu yana neman mai koyar da 'ya'yansa, zai tsaya masa kafili, amma babbar motarsa ran Alhamis za ta tashi, in bai shiga ba wani za a ɗauka. Shi dai ba ya son barin Jidda.

"Ya akhi, ban ce ka zaɓe ni ba," in ji shi. "Abu ɗaya nake tambaya. Ƙofar a buɗe take, ko an rufe? In an rufe ka ce mini halas, an gama, in ɗaure kayana."

Bawa ya dubi garin katakon da ke ƙasa. Ya tuna Fatihar. Ya gaya wa kansa ƙila in iyaye suka ji bakin Idris su tayar da ƙura, dattawa su ji kunya su sauya. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ƙaryar ta fi sauƙin haɗiya.

"Taro ai sai Juma'a, Malam," ya ce. "Ka zo."

Motar Yanbu ta tashi ran Alhamis babu Idris. Da yamma Bawa yana jin Zaituna ta bayan katanga tana tambayar matarsa Mastura aron dutsen guga, za ta goge wa Malam jallabiyarsa. Abincin ranar bai shiga masa ba, ya ce wa Mastura zafi ne.

Ran Juma'a bayan la'asar mirkaz ya cika, wasu a tsaye. Aka yi wa Othman tambayoyi ya amsa daidai. Idris ya tashi cikin farar jallabiya mai karin guga, ya faɗi yadda zai haɗa lokacin tashi, da yadda zai sa malamai su riƙa musayar aji. Iyaye suna gyaɗa kai. Kowane gyaɗa kai Bawa ji yake kamar ƙusa ake buga masa. 'Yan lajna suka haɗa kai suna raɗa, wai shawara suke yi, alhali Abdulghani shayi yake cewa a ƙaro. Sannan ya miƙe ya ce bayan dogon nazari lajna ta zaɓi Othman, a yi Fatiha.

Tsoho Saleh, ɗan lajna wanda kunnensa ya yi nauyi har ba ya sanin ƙarfin muryarsa, ya jawo hannun rigar shugaba.

"Wace Fatiha kuma, ya Shehu? Ba mun shafa ta a gidanka ba tun waccan Juma'ar?"

Daga nan surutu ya ɓarke. Wani uba ya ce ashe 'yan kallo aka mai da su. Abdulghani yana ta yalla, yalla, a yi haƙuri. Amma babu wanda ya ce a warware, don duk wanda ke wurin ya san nauyin abin da aka shafa.

Idris ne ma ya fara ɗaga hannu don Fatihar, jama'a suka bi shi don kunya. Bawa ya nemi nasa hannayen ya ɗaga, suka ƙi, suka zauna a cinyarsa kamar na wani.

Da aka watse Idris ya yi wa Othman fatan alheri, ya bi 'yan lajna yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. Bawa ya so a ce Idris ya zage shi, ko ya wuce shi ya ƙi kallonsa, da ya fi masa sauƙi. Sai Idris ya tsaya, ya kama hannun nan da ya ƙi tashi, ya riƙe shi da nasa biyu, ya yi magana a hankali yadda babu mai ji sai su.

"Ka ce in zo, maƙwabci. Ga shi na zo."