Tayar Ubale

"Su sauka tukuna," in ji Rufa'i. "Ba na ɗaga mota da mutane a ciki."

Ubale ya leƙa cikin bas ɗin ya ba fasinjojinsa haƙuri. Suka sauko suna gunaguni, suka taru a inuwar dalbejiyar da ke gaban garejin. Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, kuma tun daga Sule Tankarkar sitiyari ke rawa a hannunsa. Shi ya sa da ya shigo Gumel ya ratse wurin yayansa.

"Yaya, don Allah a gaggauta. Dalma kawai za ka sa wa tayar gaba ta daidaita."

Rufa'i ya tura jak ƙarƙashin motar ya ɗaga gabanta, ya ja wa tayar dama layi da alli, sannan ya turo tsohon injin daidaita taya. Ubansu ne ya saye shi gwanjo daga wani kamfanin da ya yi titi a yankin, tun Ubale na rarrafe. Sababbin injina sai an cire taya an ɗora musu, shi kuwa wannan a jikin mota yake aiki. Ana manna gangarsa ta ƙarfe a jikin taya, ya juya ta da gudu kamar mota na kan titi, wata fitila tana walƙiya tana nuna gefen da ya fi nauyi.

Ya ta da janareta ya manna gangar. Tayar ta ɗauki gudu, bas ɗin ya hau makyarkyata, har awakin da aka ɗaure a but suka fara kuka. Rufa'i ya dubi inda layin allin ya tsaya a cikin walƙiyar, ya taka birkin injin, ya buga dalma a bakin wili, ya sake juyawa. Rawar ba ta ragu ba. Ya tsayar, ya durƙusa, ya zura hannu yana shafa tayar ta ciki. Sai ya janye hannun da sauri, jini na tsattsafowa daga tafinsa. Akwai kumburi kamar dunƙulen hannu, wayoyin ciki sun tsinke sun leƙo.

Ya kwanta ya leƙa da tocila. A gefen kumburin akwai ɗigon jan fenti da aka yi ƙoƙarin gogewa. Alamarsa ce. Ita yake yi wa duk tayar da ya cire ya ce ta mutu, kafin ya jefa ta bayan gareji.

Ya miƙe a hankali.

"Ubale, ina ka samo wannan tayar?"

Ubale ya kau da kai.

"Daga bolata ka ɗauka. Ka shigo bayan idona ka ɗauki mushe ka ɗaura a gaban mota, ka cika ta da bayin Allah, sannan ka kawo mini in sa mata dalma."

"Yaya, rage murya mana."

"Ba zan rage ba."

"To ya kake so in yi?" Ubale ma ya harzuƙa. "Na yi wa mai motar maganar taya har na gaji. Ya ce in lallaɓa ko in ajiye makulli, akwai masu jira. Matata Zakiyya watan haihuwarta ya kama, yau ko gobe. Kai kana zaune a inuwa da injin Baba, me ka sani game da titi? Maigatari ce fa, ga ta nan. In na dawo sai a san abin yi."

"Ina safaya?"

"Ita ce a baya."

"Ni kuma ba ni da taya mai irin wannan lambar."

"Shi ke nan, sauke mini motata. Da ma injin nan ya tsufa, shi ke girgiza mota, ba taya ba."

Rufa'i ya dube shi. Shi ya koya wa Ubale tuƙi a filin ƙwallo, shi ya tsaya masa aka ba shi wannan motar. Ya san halin ƙanensa: in ya sauke jak yanzu, Ubale zai taka mota kamar yadda ya saba, ga rana ta fara gasa kwalta.

Ya sunkuya ya kwance bawul ɗin tayar. Iska ta fita da shewa. Kafin Ubale ya gane abin da ake ciki, Rufa'i ya ɗauko wuƙar faci ya luma a kumburin, ya ja ta da hannu biyu har tayar ta buɗe baki.

Ubale ya tsaya, hannuwansa a ka.

Fasinjojin suka yo kansu. Wata 'yar kasuwa mai ƙunshin atamfofi, wadda ake kira Hajiya Laure, ita ta fara.

"Malam, wa ya sa ka? Mu muka ce maka muna tsoro?"

"Hajiya, zo ki ga abin da kike zaune a kai."

"Ba zan gani ba. Kai ke riƙe da ajalinmu? Shekara da shekaru muna bin hanyar nan a motocin da suka fi wannan lalacewa."

Mai awakin, wani dattijo da ake kira Ɗantsoho, bai ɗaga murya ba, amma maganarsa ta fi ciwo. "Ɗana, masu saye daga Damagaram da hantsi suke gamawa su juya. Awakin nan kuɗin maganin matata ne. In na koma da su gida, kai za ka je ka yi mata bayani?"

"Baba, gara ka koma da su da a koma da kai."

"Wannan kuma ba a hannunka yake ba."

Ran Rufa'i na tafasa, amma ya rasa wanda zai sauke wa: ƙanensa, ko mai motar da ke kwance a gidansa, ko waɗannan mutanen da yake ganin ya tsamo daga rami suna zaginsa. Ya naɗe tafinsa da tsumma ya ɗaure da haƙori.

Ubale ya koma gefe da waya a kunne, ya kira mai motar. Ba a jin abin da ake faɗa masa, sai "to, Alhaji" da yake ta maimaitawa. Da ya gama ya zare makullin motar ya sa a aljihu.

"Ya ce in kai masa makullin yanzu," ya ce, ba tare da ya dubi yayansa ba. "Ka huta."

"Zan je in same shi da kaina."

"Kada ka je. Ka yi mini iyakar abin da za ka yi."

Ana haka wani bas ya taho daga wajen Gagarawa, rabinsa babu kowa. Hajiya Laure ta fita titi ta tare shi. Nan da nan aka kwashe atamfofi da buhuna, aka cusa awakin Ɗantsoho a baya, mutane suka danne juna suka shige.

Sai da motar ta fara motsi idon Rufa'i ya sauka a kan tayarta ta gaba. Ta suɗe sumul kamar tafin hannu, zare ya fito fari a gefe, tana tafiya tana lanƙwasa.

Ya ruga bakin titi yana ɗaga hannun da ya naɗe, yana kiran direban ya tsaya. Direban ya ɗauka gaisuwa ce. Ya danna masa hon, ya ɗaga nasa hannun, ya ƙara wuta ya nufi Maigatari.