Farin Dokin Dragoljub

Bas ta ci burki a kan gada, Dragoljub ya ƙanƙame akwatin da ke cinyarsa, ya hau zagin direba a zuci har da kakanninsa. Wata mata mai tsohon ciki tana tsaye a kansa tun daga tasha, ko ido bai ɗaga ba. Ai shi ma yana da abin lallaɓawa.

'Ya'yan darar Turawa ne a cikin akwatin, mai sarki da doki da sojoji, an naɗe kowanne da auduga. Tun da ya bar aikin gidan waya ya shiga tara su, irin waɗanda ake sassaƙawa a kwaikwayi na manyan gasannin da aka yi tun kafin a haife shi. Falonsa ya cika da kabad ɗin gilashi, har matarsa Radmila ta koma shan kofi a kicin. Wannan na cinyarsa shi ne ɗan lele. Masassaƙan sun rina itacen har fararen 'ya'yan ma sun ɗan yi ja, sun ɗan ƙwarzane shi nan da can don ya yi kama da wanda gwanaye suka daɗe suna murzawa. Dragoljub kuwa sai ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa shi, kada wannan tsufan na kanti ya lalace.

Wasa dai yana yi, amma a lambun Kalemegdan, da abokinsa Velimir, a kan 'ya'yan roba waɗanda marfin kwalbar giya ke tsaye a madadin soja ɗaya. Shekara da shekaru Velimir na roƙon a fito da na gilashin ko sau ɗaya, Dragoljub na cewa sai ranar da ya koyi wanke hannu. To, ga shi ɓarin jikin Velimir ya shanye, gobe 'yarsa za ta kwashe shi zuwa Jamus, wai can likitoci sun fi sanin aiki. Jiya Velimir ya aiko cewa in ba da akwatin za a zo ba, a huta da zuwa. Radmila ce ta sauko da shi da kanta, ta ce in ya dawo bai buɗe ba, ya nemi wani gidan.

A asibiti ya tarar da Velimir a kishingiɗe, baki a karkace, yana cin burek, wani gashin fulawa mai cuku da 'yarsa ta shigo masa da shi a ɓoye. Maiƙo har gwiwar hannu. Zuciyar Dragoljub ta yanke, shi kansa bai san ko don abokin ba ne ko don maiƙon.

"Ka zo da gawarwakin?" in ji Velimir, harshensa na nauyi.

"Na zo da su. Kai dai faɗi inda kake so, ni zan riƙa tura maka."

"Ikon Allah. Hannu ɗaya ya rage mini, shi ma ka sallame shi daga aiki."

Dragoljub ya sa safarsa, ya jera 'ya'yan a kan teburin cin abincin marasa lafiya. Shi ya ɗauki farare. Velimir na faɗa, shi yana turawa, har wani tsoho a gadon gefe ya tambaya ko tiyata ake yi. Wasa ya yi nisa, kuma abin haushi, shanyewar ba ta taɓa ƙwaƙwalwar Velimir ba ko kaɗan.

Can, tafiya ta zo kan Dragoljub, sai Velimir ya miƙo hannunsa mai lafiya kamar zai nuna wani abu, ya shafi hancin farin doki da ɗan yatsa. Maiƙon ya yi ƙyalli. Kafin ƙiftawar ido Dragoljub ya fizgo dokin yana gogewa da safa.

"Ka taɓa," in ji Velimir.

"Gogewa nake yi."

"Ka ce gyara za ka yi kafin ka ɗauka? Ban ji ba. Maƙwabci, ka ji?"

Tsohon gadon gefe ya rantse bai ji komai ba. Dokar kuwa ko yaran lambu sun san ta, abin da ka taɓa a lokacin tafiyarka shi za ka tura, kuma Dragoljub ne ya fi kowa kafewa a kanta, ya taɓa yin wata guda ba ya gaida wani a kan haka. Ya duba allon. Duk gidan da dokin zai sauka akwai mai jiransa. Ya ajiye shi a inda ya fi dama-dama, Velimir ya sa hannu da kansa ya ɗauke, ya dunƙule shi a tafinsa mai maiƙo.

Ana haka nas ta shigo ta ce lokacin baƙi ya ƙare. Dragoljub ya mayar da kowa cikin audugarsa, sannan ya miƙa hannu.

"Wasa bai ƙare ba," in ji Velimir. "Abin da na ci nawa ne sai an tashi. Kana son dokinka, ka san inda zan kasance."

Dragoljub ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ga yadda rigar asibiti ta yi wa mutumin yawa. Baƙin ciki ya kama shi, wannan karon kuma ya san na mene ne. Ya ce masa ɓarawo, ya cire safar ya cusa a aljihu, ya riƙe dunƙulallen hannun na ɗan lokaci, sannan ya fita.

A gida ya jera su a kabad, gurbi ɗaya na kallonsa. Ya shiga kicin ya buɗe kwalbar giya, ya dawo ya ɗora marfin a mazaunin dokin. Radmila ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta ce wannan kuma na wace gasar ne.

Ya rufe gilashin, ya tambaye ta ko ta san inda ya ajiye fasfonsa.